Baba Mai Famfo da Gishirin Azumi

Babanmu mai gyaran famfo ne, don haka gidanmu ne kaɗai a layin da kowane famfo yake ɗiga. Na kicin an ɗaure masa wuya da tsumma, na banɗaki kuwa sai ka murɗa ka danna, sannan ka haɗa da lallashi. In Inna ta yi magana sai ya ce, "Zan duba," ya rataya jakar kayan aikinsa ya tafi duba na mutane. Haka muke zama da robobi a ƙarƙashin kowane bututu har a fara maganar azumi. Ranar da ka dawo ka tarar da ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ba sai ka tambayi kowa ba, wata ya kusa tsayawa. Ya ce shi ba zai wuni da ƙishirwa yana jin ruwa na zuba a banza a gidansa ba.

Ni ce ta biyu a cikin 'ya'yansa, tsakanin Yaya da Auta. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma shi ya sa nake faɗa masa abin da Yaya ba ya iya faɗa. Yakan ce ba sunan kaɗai na gada ba, har da bakin.

Tun yana saurayi yake wannan aiki. Shagonsa ɗan ƙarami ne, bututu a jingine ta ko'ina, da benci guda wanda in mutum biyu suka zauna sai ɗaya ya ajiye rabin jikinsa a iska. Tafin hannunsa ya yi kanta, har in ya shafa maka kai sai ka ji kamar ana goge tukunya. Mutum ne mai raha, marar riƙo, wanda ba ya wuce yaro yana kuka. Abu ɗaya ne na sani yana ji da kansa a kai, shi ne azumi.

Ba ya rage aiki a watan. Yakan wuni cikin ruwan mutane, hannu a tanki, gwiwa a banɗaki, riga sharkaf, maƙogwaro a bushe. In zai yanka bututun da yake zaton akwai sauran ruwa a ciki, sai ya fara ɗaure bakinsa da hankici, wai kar ɗigo ya yi tsalle ya shiga. Mun sha yi masa dariya, Yaya ya ce wata rana za a kama shi a gidan mutane a ce ɓarawo ne. Bai taɓa fasawa ba. Masu baccin azumi kuwa ba su da daraja a idonsa, yakan ce waɗannan katifa ce take musu azumin.

Wanda ya fi shan bakinsa shi ne Mai Walda, maƙwabcin shagonsa, wanda gyambon ciki ya hana shi azumi tun muna yara. Duk shekara sai Baba ya leƙa ya ce, "Yaya jikin? Ai na ji an ga wata, na ce ciwon abokina ya tashi." Mai Walda ya yi dariya, mu ma mu yi. A lokacin ban taɓa lura cewa dariyar tasa ba ta kai ido ba.

Buɗa baki a gidanmu yana da tsari, kuma tsarin Baba ne. Akwai wata tsohuwar butar ƙarfe da ba a dafa komai a cikinta, ta ruwan shan ruwa ce kawai. Shi yake cika ta, shi yake bin kofunanmu ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayawa, ya ajiye wa kowa dabinonsa. Ladan yana ɗaga murya sai ya yi bismilla, ya rufe ido, ya kafa kai. Sai mun ji ya sauke wannan dogon numfashin nasa sannan kowa ya ɗauki kofi. Ba wanda ya taɓa kafa mana doka a kan haka. Mun dai tashi mun ga ana yi, kuma ni har na girma in ban ji numfashin nan ba sai in ji kamar rana ba ta gama faɗuwa ba.

Sai kuma miyar Inna. Inna ta iya girki, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba, amma ba ta ɗanɗana abinci da azumi a bakinta. An gaya mata wasu malamai sun ce in mai girki ta taɓa a harshe ta tofar ba komai, ta ce su malaman ba su san maƙogwaronta ba. Muna ƙanana mu ne masu ɗanɗana mata. Da Auta ta fara azumi sai baki ya ƙare a gidan, don mu mata ko uzuri ya zo ba wadda za ta yarda a gan ta da ludayi a baki a gidan Baba. Daga nan gishiri ya koma sa'a. Yau miya salam kamar an wanke tukunya, gobe ka kai loma ɗaya ka ji kunnenka ya motsa. Muka raɗa masa suna gishirin azumi. Baba kaɗai ne ba ya ƙorafi. Ya cinye nasa tas, ya suɗe hannu, ya ce, "Sannu da aiki, Innar yara. Miya ta yi." Shekara da shekaru yana wannan ƙaryar, fuskarsa ko gezau.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa, wanda ya ce takalmi ne. Sannan wata rana da azumi ya faɗi a banɗakin wasu mutane, hankici a ɗaure a bakinsa. Ni na raka shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce ƙodarsa ce ta gaji, kuma abin da take buƙata shi ne ruwa a kai a kai da magani a kan lokaci.

"Baba, in bututu ya daɗe ruwa bai bi ta cikinsa ba, me yake faruwa?" in ji likitar.

"Likita, kar ki shigo min sana'a," in ji shi. "Ki faɗa min kawai, bana ne kaɗai zan ajiye azumi ko har baɗi?"

Ta ce har baɗin, da bayansa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Liman ma ya zo har gida ya gaya masa cewa wanda ya wajabta azumin shi ne ya yi wa marar lafiya rangwame, ya ciyar da mabuƙaci a madadin kowace rana, shi ke nan. Baba ya ce ya ji, ya gode. Duk muka saki jiki, muka ɗauka magana ta ƙare.

Da azumi ya sake zagayowa, abu na farko da na lura da shi shi ne robobin ba su bar ƙarƙashin bututu ba. Aka ga wata famfon kicin yana ɗiga da tsummansa a wuya.

Ranar farko muka shimfiɗa tabarma, Baba bai dawo ba. Ya kira ya ce aiki ya riƙe shi, mu sha ruwa. Yaya ya ɗauki butar ƙarfen ya tsiyaya mana. Ladan ya kira salla, muka zauna riƙe da kofuna muna kallon juna kamar baƙi a gidan biki, har Inna ta ce, "Ku sha mana, me kuke jira?" Washegari ma haka, da ranar da ta biyo baya. Sai an idar da sallar isha ya shigo, ya ce ya gaji, ya wuce ɗaki. Kullum da safe Inna tana ba shi kular abinci da gorar ruwa, kullum ya dawo da su wayam. Amma ƙafar ta fara kumbura, idonsa ya zurma, kuma ni ba yarinya ba ce.

Ana cikin sati na biyu na tashi daga aiki da wuri na nufi shagon. Mai Walda ne ya tare ni a bakin ƙofarsa, ya ɗaga gilashin da yake kare ido da shi, ya rage murya.

"Gara da kika zo. Abincin da kuke ba shi ni nake ci, kuma wallahi ba ya min daɗi. Ruwan ma a bayan shago yake zubarwa. Ba ya kurɓa sai ya ji jiri, shi ma sai ya juya wa ƙofa baya."

"Ba ka yi masa magana ba, Kawu?"

"Ni? Shekara nawa ina tanadin abin da zan rama da shi. Ranar ta zo, na dubi fuskarsa, na kasa cewa komai."

Na same shi a bayan tarin bututu, a zaune kan benci, ba ya aikin komai. Gorar tana gefensa a cike. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa, sai duk suka fito ta baki ɗaya. Na ce masa wannan ba azumi ba ne, ba ci ba ne, kashe kai ne a hankali. Na ce likita ta faɗa, liman ya faɗa, shi wa yake jira ya faɗa masa. Na ce in ya kwanta mu za mu yi jinya, ba Mai Walda ba. Ya bar ni na zazzage tas, kansa a ƙasa.

"Kin gama, Uwata?"

"Ban gama ba."

"To tsaya in tambaye ki. Ku wuni da ƙishirwa, ni in wuni ina ɗirkar ruwa, sannan rana ta faɗi in zo in zauna a gabanku in riga ku ɗaga kofi? Da wane idon?"

"To ka zauna ko ba ka sha ba."

"In zauna a matsayin me? Wurin na masu azumi ne." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Ni fa ban iya komai ba a addinin nan. Karatuna bai yi nisa ba, ba ni da abin da zan bayar. Wannan ne kaɗai na san ina yi da kyau, shi ma an karɓe."

Na tilasta masa ya kurɓi ruwa a gabana, ya kurɓa don in tafi. Na fito ina kuka a titi, mutane suna kallona.

Na kwashe komai na gaya wa Inna. Tana yanka albasa ba ta ɗago ba, har na fara jin haushin shirunta. Da na gama sai ta ce, "Ke faɗa kika je yi masa?" Na ce eh. Ta ce, "Sunan ne ya ruɗe ki. Ita ma mai sunan ba ta taɓa cin nasara a kansa da faɗa ba."

Washegari bayan la'asar na shiga kicin na tarar da Inna a durƙushe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da wata tsohuwar sufanar Baba a hannu. Kafin in tambaya sai ruwa ya yi tsiri, ya jiƙa mata fuska da ɗankwali. Ta miƙe, ta datse leɓɓanta, ta goge baki da gefen zane, sannan ta ce, "Kira ubanki. Ki ce kicin ya cika da ruwa."

Ba a daɗe ba ya iso, don duk abin da ke damunsa Baba ba zai ji ruwa yana zuba ya zauna ba. Ya rufe babban famfon waje, ya shigo, ya kwanta rigingine ya tura kansa ƙarƙashi. Hannunsa ya tafi aljihu neman hankici, ya ciro shi, sai ya tsaya yana kallonsa. Ya mayar da shi aljihu a hankali. Ni ina riƙe masa fitila, na yi kamar ban gani ba.

Miya tana tafasa a kan wuta. Yana fitowa, kafin ya miƙe daga zaune, Inna ta miƙo ludayi har gaban bakinsa.

"Ɗanɗana min, Malam."

Ya ja da baya kamar wuta ta miƙo masa. "Haba, Innar yara. A gabanku?"

"A gaban wa za ka ɗanɗana, a gaban maƙwabta? Tun da Auta ta fara azumi nake girki a makance a gidan nan. Kana ci kana ce min ta yi, yaran suna zunɗena a bayan ido, kana tsammanin ban sani ba. Bana Allah ya dube ni ya ba ni mai baki a gida, shi kuma ya je ya ɓuya a shago. Hannuna ya gaji, karɓi."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya karɓi ludayin, ya hura, ya kurɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki.

"Yaya?" in ji Inna.

"Ta yi."

"Malam, watan azumi ne. Ba a ɗauke maka hukuncin ƙarya ba."

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, karo na farko tun da aka ga wata. "To gaskiya wannan ko a asibiti an fi sa gishiri."

Ta barbaɗa, ta juya, ta cika kofi da ruwa ta miƙa masa. "Wanke bakinka, in ba haka ba ba za ka gane na biyun ba. Shanye duka, ba na son aikin rabi." Ya shanye. Ya sake ɗanɗanawa ya ce saura kaɗan. Ta sake cika kofin. Daga miya aka koma shinkafa ko ta nuna, daga shinkafa aka koma shayi ko sukari ya ji, kowanne da kofin ruwansa. Tun yana karɓa da kunya har ya fara ba da umarni, wai a rage wuta, wai albasar ta yi yawa. Inna ta ce gishiri aka ɗauke shi aiki, kar ya wuce gona da iri.

Yana cikin haɗa kayan aikinsa ya ga hasken taga ya yi ja. Ya rataya jaka ya ce bari ya leƙa shago, ya bar ƙofa a buɗe. Inna ba ta ce masa kar ya tafi ba. Butar ƙarfen kawai ta ɗauko ta ɗora masa a hannu, ta ce, "Cika min wannan tukuna, kai ka san yadda famfonka yake." Ya cika. Da ya juyo, Yaya da Auta sun riga sun zauna a tabarma, kofuna a jere, kuma ba hanyar fita sai ta gabansu.

Ya tsaya jim, sannan ya durƙusa ya fara tsiyayawa, na Inna, na Yaya, nawa, na Auta. Ya ajiye wa kowa dabino. Nasa kofin ya kife shi. Ladan ya ɗaga murya, muka riƙe kofuna muna kallonsa, don jikinmu bai san wani abu ba sai wannan.

"Ku sha," ya ce. "Ba a jinkirta buɗa baki."

Ba wanda ya motsa. Auta ce ta ce, "Baba, ai ba ka yi bismilla ba."

Ya yi bismillar. Muka kafa kai. Da na sauke kofi, dogon numfashin nan ya fito daga ƙirjina ba da niyya ba, na ji irinsa daga Yaya, na ji daga Auta. Na buɗe ido na ga Baba a durƙushe da buta a hannu yana bin fuskokinmu da kallo, hawaye yana gangara cikin gemunsa, shi kuma yana murmushi.

"Ashe haka kuke yi," ya ce. "Duk shekarun nan idona a rufe yake, ban taɓa ganinku ba."

Ya sake cika mana kofuna. Inna ta miƙa hannu ta buɗe nasa da ya kife, ta tura gabansa, bai musa ba. Miyar ranar ta yi daɗin da har Yaya ya ce shi fa ya fara kewar gishirin azumi, Inna ta jefe shi da ƙwallon dabino.

Bayan salla ina wanke kwanuka ya zo ya tsaya yana gwada famfon, ya buɗe ya rufe. Ya rage murya yadda Inna ba za ta ji ba.

"Uwata, ki gaya wa uwarki in za ta sake kwance famfo ta nemi sufana daidai da notin. Ta cinye masa baki gaba ɗaya, da ƙyar na ɗaure shi."

Yanzu azumi ya zagayo sau da yawa tun wannan ranar. Kumburin ƙafar ya sauka, yana shan ruwansa da maganinsa, kuma da rana shi da Mai Walda suke cin abinci a bayan shago, ƙofa a saye, don kar su tsokani masu azumi. Na ji an ce Baba ya nemi gafarar Mai Walda, amma ba wanda ya gaya min abin da suka ce wa juna. Famfunan gidanmu sun koma ɗiga duk shekara, su warke ana gab da ganin wata. Da an yi la'asar kuwa ko bututun waye ya fashe sai dai ya jira gobe. Baba yakan wanke hannu, ya ja ƙofar shago, in an tambaye shi ina zuwa da wuri haka sai ya ce, "Akwai masu azumi a gida, kuma ni kaɗai ne bakinsu."